Bukkar dako a gonar shinkafa: abin da ake ɓoye wa agwagwa da abin da ake nuna wa hukuma

 

Maganar yau a kan wata ƴar bukka ce wadda duk gwanintar mai gina ta ita ce kada a gan ta. Ana kafa ta a tsakiyar gonar shinkafa ko ta masara bayan an gama girbi, a Amurka da Faransa da Italiya, maharbi ya shige ta tun kafin assalatu ya yi dako, yana jiran agwagin daji su sauko kalar tsabar da ta zuba. Mai sauraro yana da hakkin ya tambaya ina ruwan mutumin Maraɗi ko na Tawa da wasan masu ƙoshi. Amsar kashi biyu ce. Da fari, wasu daga cikin agwagin da ake yi wa dako a Turai su ne ke zuwa cin rani a tabkunan Nijar. Na biyu, a kewayen wannan bukka an ƙulla wata yarjejeniya tsakanin manomi da maharbi da hukuma, wadda gindinta shi ne: an yarje wa maharbi ya ruɗi tsuntsu iyakar iyawarsa, bisa sharaɗin hukuma ta san inda yake zaune, ta kuma san abin da ya kashe.

Ba a fahimtar bukkar sai an fahimci idon da ake ɓoye mata. Allah ya dasa idanun agwagwa a gefen kanta, ta yadda tana ganin gabanta da bayanta kusan a lokaci guda ba tare da ta waiwaya ba. Idon ɗan Adam launi iri uku yake tacewa, daga cikinsu yake haɗa sauran. Na tsuntsu iri huɗu ne, har da wani haske da mutum ba ya gani sam. A shekarar 1999 masu bincike a wata jami'a ta jihar Indiyana suka jera agwagi a layi suna barci, suka tarar waɗanda ke bakin layin sukan rufe ido ɗaya su bar na waje a buɗe, rabin ƙwaƙwalwa na barci, rabi na gadi. Daɗin daɗawa, daga sama take duban gona. Mutum yana tsaye a ƙasa sai ya ga bukkarsa ta saje da ciyawa, ya yaba wa kansa. Agwagwa kuwa ta kewayo sau biyu ko uku a bisa, ta hangi baƙin rami mai kusurwa huɗu a tsakiyar fili, ta kaɗa fiffike ta yi gaba. Wadda aka yi ta harbi tana tsira tun daga Kanada har kudancin Amurka kuwa, ta riga ta yi karatun da babu lakwal ɗin da ke koyar da shi, shi ya sa dabarar da ta ci a farkon lokacin farauta ba ta ci a ƙarshensa.

A jihar Arkansa, wadda ita kaɗai ke noma kusan rabin shinkafar Amurka, ƙasar noman a shimfiɗe take kamar tabarma, babu itace babu dutsen da mutum zai laɓe. Don haka maharba sukan haƙa rami a cikin tudun ƙasar da ke raba fangali da fangali, su binne doguwar akwatin ƙarfe wadda mutum huɗu ko shida za su zauna a jere, bakinta daidai da kan tudun. Tilas a ɗaure ta da turaku ko a danne ta da siminti, domin idan aka sako ruwa a gonar, akwatin da babu kowa cikinta takan taso kamar ƙwaryar da aka kifa a gulbi. A bisanta ake ɗora murfin waya, a saƙa masa karan shinkafa da ciyawar da ta tsiro a tudun. A busasshiyar gonar masara ko alkama kuwa, inda ba a son haƙa mai zurfi, maharbi kwanciya yake yi rigingine a cikin wani abu mai kama da makara, mai ƙyaure biyu a kan ƙirji, ya ture su ya tashi zaune idan tsuntsaye sun iso. Sabuwar irin wannan makara sheƙi take yi, saboda haka aikin farko shi ne a kwaɓa taɓon gonar a shafe ta ciki da bai, a bar ta ta bushe, a kakkaɓe. Sannan a bi madaukan da aka ɗinka mata a cuccusa tushiya.

A nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Tushiyar dole ta zama ta wannan gona, domin karan da aka ɗauko daga wata gonar, ko wanda ya kwana a ɗaki bai sha raɓa da rana ba, launinsa dabam ne ko da idon mutum bai lura ba. Ba a tsince ta a gindin bukkar, don kada a bar ƙwaƙƙwaran da'ira kamar sanƙo a kewaye da ita. Nesa ake zuwa a ɗebo. Ba a kuma cika ta, domin tulin kara a gonar da injin girbi ya aske shi ma abin tuhuma ne. Idan kunyoyin gonar sun miƙe daga gabas zuwa yamma, haka ake kwantar da karan. Hantsi na fari yakan ja inuwar abin da bai wuce kamu biyu ba ta yi tsawon mutum, don haka mai hankali yakan jingina bukkarsa da bakin lambatu ko da ciyawar iyakar gona, inda dama tsuntsu ya saba ganin inuwa. Agwagwa kamar jirgin sama take, iska take fuskanta idan za ta sauka. Maharbi sai ya ba iska baya, in da hali rana ma ta zamo a bayansa, ta yadda mai saukowa za ta dubi hasken da ke kashe mata ido. Bayan duk wannan wahala, abin da ya fi tona asirin maharbi shi ne shi kansa: fuskar da ya ɗaga sama don ya kalli garke, wadda ke haskawa kamar faranti sai an shafa mata gawayi ko an rufe ta, da jajayen kwanson harsashi da ya bari a warwatse, da sawun taya a cikin laka, da karen da ya kasa haƙuri. Karen ma sai an yi masa tasa ƴar bukka.

A gaban bukkar ake baza agwagin ƙarya na roba ko na itace, a bar musu fili a tsakiya inda ake so na gaske su dira, maharbi kuma ya riƙa busa wata ƴar sarewa mai kukan agwagwa. A garin Situtgat na jihar Arkansa, wanda ke kiran kansa babban birnin shinkafa da agwagwa, tun 1936 ake gasar duniya ta wannan busa a kowane watan Nuwamba. Wanda ya ci ta farko da maƙogwaronsa kaɗai ya yi kukan, aka ba shi kyautar rigar farauta.

Ilmin nan ba baƙo ba ne ga maharban ƙasar Hausa. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo har ya kusanci nama, ya daɗe da sanin cewa dabba ba ta gudun abin da ta saba gani. Mai dakon dinya ko kirinjijiya a bakin tabki, wanda ke kafa ƴar zanar gamba kwana biyu ko uku kafin ranar harbi domin tsuntsaye su saba da ita, shi ma ba ya bukatar Bature ya koya masa ɓuya. Inda hanyoyin suka rabu shi ne abin da hukuma ta rubuta a kan ɓuyar.

Dokar tarayyar Amurka, kamar yadda aka gyara ta a 1999, ta shiga har cikin karan da ake rufe bukka da shi. Ta ce maharbi yana iya rufe maɓoyarsa da ciyawar daji yadda ya so. Yana iya rufe ta da karan amfanin gona ma, muddin yin hakan bai sa tsaba ta zube ko ta bayyana a fili ba. Wato idan ya yanko shinkafa da zangarniyarta ya ɗaura wa bukka, tsaba ta kakkaɓe a ƙasa, to a idon doka ya daina ɓuya ya koma kiran tsuntsu da abinci, kuma an haramta harbi a wannan wuri har sai kwana 10 sun cika bayan an kwashe ƙwayar ƙarshe. Wanda aka kama yana harbi a inda aka watsa tsaba, alhali ya sani ko ya kamata a ce ya sani, hukuncinsa na iya kai tarar dala 15,000 da ɗaurin wata shida. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma biyar ba. Saboda haka kafin ya kafa bukka, maharbi sai ya tambayi manomi yadda aka girbe gonar, ya kuma taka ta da ƙafarsa ya duba.

Dokar tana da ɓarakarta, kuma bai kamata a rufe ta ba. Ta yarda a yi harbi a gonar da ba a girbe ba idan amfanin na tsaye, ko da an sako masa ruwa. Abin da ta hana shi ne a tattake shi ko a sare shi a bar wa tsuntsaye. Sai masu hali suka riƙa shuka hekta bisa hekta ta masara ba don girbi ba, su bar ta a tsaye, su cika ta da ruwa har ya kai ga goyon masarar, agwagi su yi dafifi, su kuma suna zaune cikin halal. Talakan da ya watsa mudu guda a bakin kududdufi shi ne mai laifi. Maharban Amurka da kansu suna ta jayayya a kan wannan. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma a kowace ƙasa mai kuɗi ne ke fara ganin tsagar.

Waɗannan ƙa'idodi wahala ce ta haife su. A ƙarshen ƙarni na 19 maharban kasuwa suna kashe agwagi da manyan bindigogin da ake girkawa a kan kwalekwale, a loda su ganga-ganga a jirgin ƙasa zuwa birane. Da tsuntsaye suka ja baya, Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Ingila a madadin Kanada a 1916, ta kafa dokar aiwatar da ita a 1918, aka hana cinikin naman tsuntsaye masu ƙaura. Farin shekarun 1930 ya ƙafar da tabkunan da agwagi ke ƙyanƙyasa. A 1934 aka tilasta wa kowane mai harbin agwagwa sayen wani tambur na dala ɗaya, wanda mai zanen barkwancin siyasa Ding Darling, da shugaba Rusbelt ya ɗora a kan ma'aikatar namun daji, ya zana na farkonsa. Tun 2015 kuɗin tambur ɗin dala 25 ne, kashi 98 cikin 100 na abin da ake tarawa kuma yana tafiya wajen saye ko hayar fadamu. Jimillarsa ta haura dala miliyar ɗaya, ta kuma tsare fiye da hekta miliyan biyu. A 1935 aka hana watsa tsaba, aka hana ɗaure agwagi masu rai don su kira ƴan'uwansu, aka ƙayyade wa bindiga harsashi uku. A wannan shekarar ce kuma aka haramta wata irin maɓoya, akwatin da ake nutsarwa a tsakiyar ruwa bakinta daidai da fuskar ruwan, don kawai ɓuyarta ta cika ƙwarai har tsuntsu ba shi da sauran mafita. Tun 1955 ake ƙidayar agwagi daga jirgin sama kowane watan Mayu, ana kuma roƙon wasu maharba su aika wa hukuma fiffike ɗaya na kowane tsuntsun da suka kashe, don a san irinsa da shekarunsa. Daga wannan lissafi ake yanke yawan kwanakin farauta da adadin da mutum zai kashe a yini, wanda a yankin kogin Misisipi ya daɗe yana tsaye a kwana 60 da agwagwa shida.

Manomi kuma me ya samu? Ya sami girbi na biyu ba tare da shuka ba. Bayan an kwashe shinkafa yakan toshe mafitar ruwa, gonar ta zama tabki mai zurfin idon sawu ko ƙwauri, ya ba ƙungiyar maharba hayar wurin bukka na tsawon lokacin farauta. A Kaliforniya doka ce ta ƙarfafa wannan ba da niyya ba. A 1991 majalisar jihar ta umarci a rage ƙona karan shinkafa a kwarin Sakaramento saboda hayaƙi, manoma suka koma jiƙa shi da ruwa a lokacin sanyi don ya ruɓe. Babban kwarin jihar ya riga ya yi hasarar sama da kashi 90 cikin 100 na fadamunsa na asali, sai gonakin shinkafa suka zame wa miliyoyin tsuntsaye masauki. Agwagin suna tattake karan, su cinye ƴaƴan ciyawar da za ta dami shukar baɗi, su bar taki. A yankin Kamarg na kudancin Faransa ma bincike ya nuna irin wannan amfani. Gubar da ta rage ita ce darma: agwagwa takan haɗiye ƙwayoyin harsashin da suka nutse a laka tana tsammanin tsakuwa ce, ta rame ta mutu. Amurka ta hana harsashin darma wajen harbin tsuntsayen ruwa a 1991, Faransa ta hana shi a fadamu a 2006, Tarayyar Turai baki ɗaya kuma a watan Fabrairun 2023.

Labarin Faransa ya fi kusa da kunnen masu bin siyasa. A can bukkar ɗaki ce sosai da ake binnewa a fadama ko a makiyaya mai ruwa, a shuka ciyawa a rufinta, a bar ƴan tagogi sirara daf da fuskar kududdufin da aka haƙa a gabanta. Mutanen arewa suna ce mata ut, na Normandi gabiyon, na kudu maso yamma ton, wato ganga, domin da manyan gangunan itace aka fara yin ta. Da dare ake dako a cikinta, da agwagi masu rai a ɗaure suna kira, abin da Amurka ta hana tun 1935. Tsohuwar dokar ƙasar ta 1844 ta haramta farautar dare, amma gwamnatoci suka yi ta kau da kai fiye da shekara ɗari, har babbar kotun harkokin mulki ta soke wannan sassauci a 1999. Maharba ba su zauna jiran tsammani ba. Tun 1989 suka kafa jam'iyyarsu ta farauta da su da al'adun karkara. A watan Fabrairun 1998 kimanin mutum 150,000 suka yi zanga-zanga a Paris. A zaɓen majalisar Turai na 1999 jam'iyyar ta sami kashi 6.77 cikin 100 da kujeru shida, a jihar Som kuwa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u. A zaɓen shugaban ƙasa na 2002 ɗan takararta, Jean Saint-Josse, ya kwashi ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, a zagayen da firaminista Lionel Jospin ya faɗi da tazarar da ba ta kai 200,000 ba. Duk ɗan siyasar da ke raina ƙungiyar maharba ko ta masunta a mazaɓarsa, ya yi wannan lissafi.

Sulhun da aka cimma shi ne dokar ran 26 ga watan Yulin 2000. Ta halatta dakon dare, amma a bukkokin da suke nan kafin 1 ga Janairun 2000 kaɗai, a jihohin da ta ambata da suna, waɗanda daga baya suka kai 27. Kowace bukka, cikin kimanin 15,000, sai mai ita ya bayyana ta ga parfe an ba ta lamba. Ba a matsar da ita sai da izni. Mai ita ya ɗauki alkawarin gyaran ruwan da ke gabanta da fadamar da ke kewaye. Kuma akwai karne da ake rubuta kowane tsuntsun da aka kashe. Ɗakin da agwagwa ba ta gani daga tazarar taki ashirin, yana nan da lambarsa a taswirar ofishin parfe. Tunda kuma an hana gina sababbi, tsofaffin sun zama dukiya mai tsada da ake saye da sayarwa da gado, wanda ɗan kasuwa zai gane dalilinsa ba sai an yi masa bayani ba.

Daga bakin waɗannan bukkoki ne hanya ta miƙo zuwa Sahel. Akwai wata ƙaramar agwagwa, nauyinta bai kai rabin kilo ba, namijin yana da farin zane a bisa ido kamar gira, wadda ke ƙyanƙyasa tun daga Faransa har Siberiya. Ita ba ta yin sanyi a Turai. Tun watan Agusta da Satumba take tashi, ta ƙetare bahar Rum da Sahara, ta sauka a bakin kogin Sanagal, da fadamun Mali, da tabkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da tabkunan Nijar, ta koma a watan Fabrairu da Maris. Tare da ita akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini. Suna cuɗanya da kirinjijiya da dinya, waɗanda su ƴan gida ne. A yankin Mopti masunta sukan kama su da taru, mata ƴan kasuwa su saya su kai gari, kuma kamun ya fi yawa a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, domin tsuntsayen sukan matsu a ƴan wuraren da suka rage. Tsuntsu ɗaya ke nan, ana rubuta mutuwarsa a karne idan ya faɗi a Som, ba a rubuta komai idan ya faɗi a wannan gefen hamada.

Takardu kam Nijar ba ta rasa su ba. Ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 1987. An sanya ɓangarenta na tabkin Cadi a jerin wuraren da duniya ta san da muhimmancinsu a 2001, tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi da Lasuri a 2005, na Madarunfa da Gidimuni a 2019. Tana cikin yarjejeniyar tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a birnin Heg a 1995 ta fara aiki a 1999. Dokar farauta ta ran 29 ga watan Afirilun 1998 ta shar'anta takardar izni, ta hana farautar dare, da ta guba, da ta kan mota. Amma kowa ya ji labarin ayarin manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa da suka riƙa shiga yankin Tarmit a farkon shekarun 2000 suna bin tuje da barewa da motoci. Waɗannan ba su taɓa wahalar da kansu da shafa taɓo ko cusa kara ba. Tsuntsu yana ganinsu sarai, littafin hukuma ne bai gan su ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke ɗaukar bindiga mai baki biyu ran Lahadi ya nufi tabki, ya taka gonar mutane ba sallama, ya koma gari da abin da ya samu, ƙaramin misali ne na abu guda.

Kwaikwayon Arkansa ido rufe kuwa wauta ce. A gandayen shinkafa na bakin kogin Kwara da ONAHA ke kula da su tun kafuwarta a 1978, sau biyu ake noma a shekara, gona ba ta zama fanko a watannin da agwagi ke nan, kuma ruwan da inji ya ɗago manomi ne ke biyan kuɗinsa. Babu mai cika fangali don tsuntsu ya yi iyo. Karan da Ba'amurke ke neman hanyar rabuwa da shi, a nan abincin dabba ne da ake ɗaurewa dami-dami a sayar. Gonar da aka girbe tana da masu jiranta, wato makiyaya, ranar sakin gonaki. Bakin tabki kuma ya riga ya cika da masu hakki: mai lambu, da masunci, da mai shayar da garke, wanda dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar masa da hanyar kai wa ga ruwa. Idan aka buɗe ƙofar hayar bakin tabki ga maharban birni ba tare da iyaka ba, mai kuɗi zai kafa shinge, maharbin ƙauye da ya gaji sana'ar ya koma ɗan kallo, ko ɗan rakiya mai ɗaukar jaka.

Abin da ke ɗaukuwa daga can shi ne rubutun, kuma rubutu ba ya cin ruwa ko man inji. Dokar karkara ta ran 2 ga watan Maris 1993 ta tanadi kwamitocin filaye da aka fi sani da Kofo, waɗanda aikinsu ne rubuta aro da haya da jinginar gona. Babu abin da ya hana a rubuta a gabansu cewa wane ya ba wane izinin dako a gefen gonarsa daga watan kaza zuwa watan kaza, a kan jika kaza, da sharaɗin ya cike ramin da ya haƙa, ya tsince kwansonsa, ya biya karan da ya ɗiba, kada kuma ya tare hanyar garke. Babu abin da ya hana ma'aikacin gandun daji ya ba kowane wurin dako lamba, ya haɗa takardar izni da karnen da za a mayar masa a ƙarshen lokaci, a kuma ware wani kaso na kuɗin iznin ga garin da tabkin yake, a bayyana shi a majalisar gari yadda kowa zai ji. Sarakunan maharba, waɗanda suka san kowace zanar dako a ƙasarsu da mai ita, su ne suka fi dacewa a fara zama da su.

Akwai kuma dalilin da Faransa da Amurka ba su da shi. An kafa dokar ta-ɓaci a jahar Difa a 2015, a wasu sassan Tilaberi da Tawa a 2017. A ƙasar da ta ga irin wannan, mutum uku da bindigogi kwance cikin ramin da aka rufe da kara, da duhun asuba, a gefen hanyar da sojoji ke sintiri, abu ne da ke iya ƙarewa da jana'iza kafin a yi bayani. Lambar da ke rubuce a ofis, wadda jandarma da maigari suka san da ita, tana tsare ran maharbin kafin ta tsare na tsuntsun.

Kowane watan Janairu, tun 1967, ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a mako guda, ma'aikatan gandun dajin Nijar kuma sun sha shiga cikinta. Ƙidayar tana faɗin adadin da ke kan ruwa a ranar da aka duba. Adadin da ya shiga jakar maharbi da tarun masunci tsakanin Oktoba da Maris, daga Tabalak zuwa Madarunfa zuwa bakin Komadugu, shi ne layin da karnen wurin dako zai cike, kuma kuɗin buga irin wannan karne bai kai na man motar fita farauta ɗaya ba.